Ƙungiya taku ce, ku riƙe littafinta

Ƴan uwa manoma na ƙasar Damagaram, maza da mata, yau magana da ku take, ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci.

Kowa ya san abin da ke faruwa da kaka. Bashi ya taso, ga biki, ga asibiti. Manomi ya kwashi hatsi da wake ya kai kasuwar Dole ran Alhamis, ya saida da araha. Da damana ta faɗi, rumbu ya ƙare, sai ya koma ya sayi tiya da tsada. Wahalar tasa ce, ribar ta wani.

An daɗe ana neman maganin wannan. A 1962 gwamnati ta kafa UNCC don ta tara manoma cikin koperatif ta ba su bashi. A shekarar kuma aka kafa SONARA mai sayen gujiya. A shekarun 1960 ɗin, a ƙasar Magarya da Matamaye, manoma da kansu suka kama sikeli a kasuwar gujiya, suna awo suna rubutawa da Hausa. Riba ta rage, a raba musu. A shekarun 1970 aikin 3M ya kawo shanun noma da takin zamani a Mirya, Magarya da Matamaye.

To, ina suke yau? Fari ya zo a 1973, ciwo ya cinye gujiya a 1975. Bashi ya taru ba a biya ba, don mutane da yawa sun ɗauka kuɗin gwamnati ne, ba na kowa ba. A tsakiyar shekarun 1980 aka rushe UNCC, SONARA ma ta bi baya. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin da aka kawo daga sama, in mai kawowa ya tafi, da shi yake tafiya.

Masu taimako ba su ƙare ba. INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana fitar da iri mai saurin nuna, kamar hatsi HKP. OPVN tana ajiyar cimaka ta ƙasa. Akwai malaman gona, akwai bankin cimaka a garuruwa. Amma ba wanda zai iya bin manoma gida gida. Ƙungiya suke nema, mai shugabanni da littafi.

Ga misali, jinginar amfanin gona da ake kira warantaj, wadda FAO ta yaɗa a Nijar tun 1999. Da kaka kowa ya kai buhunsa magaza. A rufe da kwaɗo 2: makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun da ya ba da bashi. A ba ka wani kashi na kuɗin buhunka, ka yi kiwo ko noman rani. Bayan wata 5 ko 6 ka biya, ka ɗauki buhunka. Gaskiya ne, akwai ruwan bashi, kuma wata shekara farashi ba ya tashi sosai. Shi ya sa ake son mai lissafi, ya auna tukuna kafin a shiga.

Mai lissafin nan kai ne, ke ce. In an yi taro, ku je. Ku nemi a karanta littafin kuɗi da ƙarfi gaban kowa. Kowane buhu a rubuta sunan mai shi da nauyinsa, a ba shi takarda. Kada ku sa hannu kan abin da ba ku karanta ba. Ku zaɓi ma'aji don amanarsa, ko da ba ɗan gidan maigari ba ne. Bashi kuwa a biya shi kan lokaci, don mutum ɗaya in ya ƙi, ƙofa ta rufe ga gari duka.

Tun daga Birni har ƙauyen da ke bakin iyaka, kaka na tafe. Ku yi taronku tun hatsi bai shiga rumbu ba. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.