Gwanjo Ba Abin Kunya Ba Ne

Jama'a, waɗansu suna ƙyamar a ce 'yarsu ta sa gwanjo. To, ku dubi talakan Kurfi ko Dutsin-Ma. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe tun 2002, sabon yadi kuwa ya fi ƙarfinsa. Amma doguwar rigar Baturiya guda, in ta shiga hannun tela mai hankali, ya farke, ya yar da inda ya ƙoɗe, ya sa roba a ƙugu, sai ga siket biyu. A wanke, a goge, wa zai gane? Yarinyar da rashin sutura ya kulle a ɗaka, ran nan za ta fito makarantar allo cikin tsararta. Ni dai a ganina, wajibinmu ne malamai mu koya wa 'yammata wannan ɗinki tun suna aji.