A Duba Itacen Kafin A Kama Saniyar

'Yan uwa makiyaya da fataken shanu, Allah ya ƙara mana haƙuri. Ƙarar da ta fi yawa a wajen ƙungiya ita ce ta ɓarnar itatuwa. Mai lambu ya tashi da safe ya ga mangwaronsa ya lalace, sai ya waiga ya hangi garke, shi ke nan an sami mai laifi. A kora dabbobi gidan tsarewa, a yanka tara, alhali babu wanda ya duƙa ya dubi itacen.

Tun 1985, da gwamnatin Thomas Sankara ta ɗaura yaƙi da gobarar daji da saran itace da sakin dabbobi, idon hukuma yake kanmu. Ba mu ƙi kare itace ba, don ganyen madaci da 'ya'yan gawo ke fid da mu rani. Abin da muke nema shi ne a gane mai ɓarna, domin kowane yana barin alamarsa.

Saniya da akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai. Saboda haka fizgar reshe suke yi, bakinsa ya fito a yage. In ka ga yanka sumul a karkace, ko sawun haƙora biyu a ɓawo can ƙasa, aikin zomo ne ko gafiya. In ɓawon madaci ya fita a kusurwa huɗu, kamar yadda ake gani a titunan Wagadugu, adda ce ta masu neman magani. Gara tana lulluɓe gindi da ƙasa, tsutsar itace kuma tana barin huda da gari a bakinta. Kaucin da ke shanye kaɗanya tsuntsaye ke shuka shi. Tsutsar da ke cinye ganyenta da damina kuwa, mutanen Bobo har kasuwa suke kai ta. Mangwaron da ke zubowa da tsutsa a ciki, a Orodara da Banfora, ƙudan 'ya'yan itace ne ya huda shi. Wanda aka gutsura can ƙoli da dare, a tambayi jemage. Wace saniya ce ke hawa itace?

Sa'an nan saniya ba ta iya ɓoye sawunta. Inda ta shiga za a ga kofato da kashi.

Dokar kiwo ta ranar 14 ga Nuwamba 2002 ta ce a fara zaman sulhu kafin a je kotu. To, shawarata ita ce kada a yi zaman nan a ofis. A yi shi a gindin itacen, tun sawu bai ɓace ba, da malamin gona da malamin dabbobi da shaidun ɓangarorin biyu. Gani ya kori ji.

Mu ma akwai gyara a wajenmu. Yaron da ya hau madaci ya sassare shi ƙurmus, ko ya bar awaki cikin dashe, ubansa ya biya ba tare da gardama ba. Wanda ke biyan tasa ɓarnar shi ke da bakin ƙin biyan ta gara. Ku koya wa yaranku waɗannan alamu, kuma kada kowa ya sa hannu a takardar diyya sai an nuna masa raunin itacen. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.