Magana a kan Wasan Yunanawa da Yaranmu ke Koyo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai, labari ya iske ni cewa yaran wata makaranta a nan Karfi suna koyon wani wasan kwaikwayo na Yunanawa, waɗansu 'yan'uwa kuwa sun ce a hana, don mutanen da suka yi shi masu bautar gumaka ne. Ban so in yi hukunci a kan jita-jita ba, sai na tafi da kaina bayan La'asar, na zauna gindin darbejiya, na ga koyon har sau uku.

Ku sani, wasan nan sunansa Antigoni. Wani mai hikima, Sofokilis, shi ya tsara shi a birnin Atina, wajen shekara 441 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Ga asalinsa. Sarki Kiriyon ya yi doka kada a binne gawar wani ɗan sarki da ya kawo wa garin yaƙi, a bar ta ga karnuka da ungulaye. 'Yar'uwar mamacin ta tafi ta rufe shi da ƙasa. Sarki ya sa aka toshe ta cikin kogo da ranta. Kafin ya sauko daga fushinsa ta mutu, ɗansa ya bi ta, matarsa ta bi ɗan.

To, wane malami ne bai san binne mamaci farali ne na kifaya ba? Tun kan 'ya'yan Annabi Adamu aka aiko hankaka ya koyar da shi, kamar yadda ya zo cikin Suratul Ma'ida. Wane ne kuma bai san umurnin sarki ba ya shafe umurnin Allah ba?

Magabata ba su ji tsoron littattafan Yunanawa ba. Matta bin Yunus, wanda ya rasu a Bagadaza a 940, ya juya littafin Aristo a kan waƙa zuwa Larabci, alƙali Ibn Rushdi, Bamalike, wanda ya rasu a 1198, ya yi masa sharhi. A 1939 Ɗaha Husaini na Masar ya fitar da wasannin Sofokilis da Larabci. Mu ma kwaikwayo ba baƙonmu ba ne. Ga tashe cikin azumi, ga wasan gauta, inda akan kwaikwayi sarki da fadawansa a gaban idonsu. Malam Aminu Kano ya tsara wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna.

Abin da ya tsaya mini a rai guda biyu ne. Yaron da aka ba sarauta yana ta tsawa yana zare ido. Malaminsu ya tsai da shi, ya ce: "Sassauta, ɗana. Sarkin nan bai san shi azzalumi ba ne, gani yake gari yake tsarewa." Na biyu, akwai dattawan gari cikin wasan, suna tsaye gefe tun farko. Sun ga ɓarna, suka yi ta kewaye-kewaye, ba su ce wa sarki ya janye ba sai da wani makaho ya riga su, lokaci kuwa ya ƙure. Wallahi da na gan su na sunkuyar da kai. Sau nawa aka ci gonar maraya, ko aka tauye wa manomi awon auduga, muna zaure mun yi shiru?

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a bar yara su yi, bisa sharaɗi huɗu. Kada a roƙi gunki ko a rantse da shi. Kada koyo ya ci lokacin salla. A kiyaye sutura da kunya tsakanin maza da mata. Malami ya bayyana wa jama'a cewa kashe kai haramun ne, wasan ya nuna shi ne cikin masifun da zalunci ke haifarwa.

Ranar da za a nuna shi, ina roƙon malamai su zo, su zauna sahun gaba, su dubi dattawan nan da kyau.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kan lokacinta, amin. Haza wassalam.