Ra'ayinmu: A Sa 'Ya'yan Zango Ilmin Kuɗi Mai Zurfi

Duk wanda ya zaga kasuwannin Kudu, tun daga Mile 12 da Agege a Ikko, zuwa Bodija da Sabo a Badun, da Shagamu, da Lokpanta a Jihar Abiya, har ya gangara Fatakwal, ya san cewa hannun ɗan Arewa yana juya dukiya mai ɗimbin yawa kowace safiya ta Allah. Shanu da raguna, albasa da tumatir, wake da hatsi, goro da canjin kuɗi, duk sana'o'i ne da aka san mu da su a waɗannan garuruwa. Amma abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, a gidaje da yawa da wannan dukiya take ratsawa babu wani littafin lissafi na ƙwarai, in ban da ƙwaƙwalwar maigida da 'yan guntayen takardu a aljihun babbar riga.

Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da kowane gidan ciniki na 'yan Arewa mazauna Kudu zai ware ɗaya daga cikin 'ya'yansa da suka gama digirin farko, namiji ko mace, ya tura shi ya ƙara zurfafa a ilmin kuɗi da lissafi, da niyyar ya komo ya riƙe sana'ar gidansu, ba don ya shiga layin masu neman aikin gwamnati ba.

Ba mu raina tsarin da iyaye suka bar mana ba. Tun da aka kafa unguwar Sabo ta Badun a 1916, cinikin shanu da na goro a kan amana yake tafiya. Bafatake ya sauka gidan maigida, dillali ya haɗa shi da mahauci, mahauci ya ɗauki sa bashi, maigida ya tsaya lamuni, kuɗi kuma su fito a kan lokaci ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba. Wannan tsari har ya ba Turawa mamaki, domin wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ya yi nazarinsa, ya wallafa littafi a kansa a 1969. Amma tsarin ya yi ƙarko ne saboda a wancan zamani kowa ya san kowa, kuɗin tsaba ne a hannu, hukuma kuma ba ta cika leƙa cinikin zango ba. Yau kiɗa ya canza, tilas rawa ma ta canza.

Ga misalai uku na kwanan nan waɗanda ba wanda zai ce bai ji su a jikinsa ba. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Da shekarar 2023 ta kama sai tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, ciniki ya tsaya cik ga duk wanda bai saba hulɗa da banki ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Na biyu, a watan Maris na 2024 Babban Bankin ya soke lasin na kamfanonin canjin kuɗi 4,173 a rana guda, kuma cikin laifuffukan da ya lissafa har da rashin aika masa da bayanin cinikinsu kamar yadda ƙa'ida ta ce. Bayan wata biyu ya fito da sabon sharaɗi, cewa mai son babban lasi sai ya nuna jarin Naira biliyan 2, ƙarami kuwa Naira miliyan 500. Na uku, a watan Yuni na 2025 aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka tsayar da 1 ga Janairu, 2026 ranar fara aiki da manyan cikinsu. Dokokin sun yi wa ƙananan kamfanoni rangwame, amma ta yaya mutum zai nuna cewa cinikinsa ƙarami ne, in ba shi da littafin da zai buɗe? Wanda ba shi da lissafi a rubuce, abin da ma'aikacin haraji ya yanka masa shi zai biya.

Wannan ba shi ne karo na farko da rashin masana kuɗi ya ja mana hasara ba. A 1972 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar mallaka wa 'yan ƙasa kamfanonin baƙi, aka kuma faɗaɗa ta a 1977. Hannayen jari na manyan kamfanoni suka fito kasuwa, waɗanda suka fi cin moriyar abin kuwa su ne masu akantoci da lauyoyi a kusa da su, waɗanda suka san yadda ake karanta lissafin kamfani da yadda ake neman rance a banki. 'Yan'uwanmu na Kudu sun riga mu shiri. Marigayi Akintola Williams ya zama ƙwararren akanta tun 1949, ya buɗe ofishinsa a Ikko a 1952, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN kuma doka ta kafa ta a 1965. Ba hassada muke yi ba, darasi muke ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma wata hasara da ta fi waɗannan duka ciwo, ita ce wadda take aukuwa ranar da maigida ya kwanta dama. Wa ya san abin da yake bin mutane? Wa ya san abin da ake binsa? Wace mota ce tasa, wace ce ta haɗin gwiwa? Kuɗin ajiyar mutane nawa ne a cakuɗe da nasa? Sai a ga masu bin bashi sun cika ƙofar gida, waɗanda ake bi kuwa sun yi shiru, magada su shiga kotu, kafin shekara ta kewayo rumfar da ta ciyar da mutum hamsin ta zama kango. Kowane zango a Kudu yana da labarin irin wannan gida, ba sai mun kama suna ba.

Wani zai ce, to ai akawu ya isa, me ya kai mu ga digiri na biyu? Amsa ita ce, akawu yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, amma mai ilmi mai zurfi shi ne yake gaya wa maigida ma'anar abin da aka rubuta. A ɗauki motar albasa daga Aliero zuwa Ikko. Akwai kuɗin saye, da buhu, da lodi, da kuɗin mota, da abin da ake karɓa a shingayen hanya, da la'adar dillali, da abin da ya ruɓe kafin a sauke, da kwanakin da kuɗin za su yi a hannun masu ɗaukar kaya bashi. Sai an haɗa waɗannan duka za a san ko riba aka ci ko uwar kuɗi ake gutsura. Balle a zamanin da Naira take faɗuwa. Kafin watan Yuni na 2023 dalar Amurka ba ta kai Naira 500 a farashin hukuma ba, amma a watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. A irin wannan hali ɗan kasuwa yana iya sayar da kaya da tsada fiye da yadda ya saya, ya yi murna, ya koma saro ya tarar kuɗin ba za su sayi rabin kayan ba. Gane wannan tarko, da sanin yadda ake raba aljihun gida da na sana'a, da yadda ake tsara lissafin shekara wanda banki zai amince da shi, da dokar kamfani, da dokar haraji, da binciken kuɗi don toshe kafar ɓarna, da hanyoyin tara jari, su ne abubuwan da ake koyarwa a wannan mataki.

Hanyoyin kuwa a buɗe suke. Wanda digirinsa na farko ba a fannin kuɗi yake ba, ko mai babbar difloma ta kwalejin fasaha, yakan fara da diflomar gaba da digiri, wadda takan ɗauki kimanin shekara guda. Daga nan sai digiri na biyu, ko dai a fannin akanta, ko a harkar banki da kuɗi, ko kuwa na sarrafa kasuwanci wanda aka fi sani da MBA. Jami'ar Ikko da ke Akoka, da Jami'ar Badun, da ta Binin, da ta Fatakwal, duk suna kusa da mazauna Kudu. Wanda ya fi son komawa gida, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga ta Bayero a Kano. Wanda kasuwa ba za ta bar shi ya zauna aji kullum ba, akwai karatun ƙarshen mako, akwai kuma Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wadda take da cibiyoyi a manyan garuruwa. Sa'an nan ya kamata a gane cewa digiri dabam, shaidar ƙwarewa dabam. Wanda yake son sa hannunsa ya karɓu a kan lissafin kamfani sai ya ci jarrabawar ICAN, ko ya bi ta ƙungiyar ANAN, wadda aka kafa a 1979, doka ta amince da ita a 1993, take kuma da kwalejinta a Jihar Filato. Muna gargaɗin iyaye su tabbata Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da makarantar da za su biya wa kuɗi, kada a manta da yadda Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo a watan Janairu na 2024, bayan da asirin masu sayar da takardu ya tonu.

Mun san uzuri biyu da ake yawan kawowa. Na farko, a ce Alhaji Alhassan Ɗantata bai shiga jami'a ba, amma da ya rasu a 1955 sunansa ya riga ya game Afirka ta Yamma. Gaskiya ne. To amma a dubi tattaɓa-kunnensa, Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya fara ciniki a 1977, ya kuma zauna Ikko kamar yadda muke zaune. Kamfaninsa na siminti ya shiga kasuwar hannun jari a 2010, wanda ke nufin dole kowace shekara ya buɗe lissafinsa ga masu bincike, ya wallafa duniya ta gani. Matatar mai da aka buɗe a Lekki a 2023 ba da lissafin ka aka gina ta ba. Jinin fatauci gado ne, amma abin da ya ɗaga shi daga rumfa zuwa masana'anta shi ne ƙwararrun da suke riƙe da alƙalami.

Uzuri na biyu shi ne tsoron kuɗin ruwa, kuma tsoro ne da ya dace da kowane Musulmi. Sai dai rubuta ciniki ba baƙon abu ba ne a addini. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Zakkar dukiyar ciniki, ɗaya cikin arba'in, ba ta fita daidai sai an san adadin dukiyar, haka nan rabon gado. Daɗin daɗawa, yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin Tarayya ta fitar da takardun sukuk na farko, na Naira biliyan 100, a 2017, aka yi aikin hanyoyi da kuɗin. Jami'ar Bayero kuma tana da cibiya ta musamman mai ba da digiri na biyu a harkar banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci. Waɗannan bankuna ma ba za su haɗa jari da mutum ba sai sun ga littafinsa, domin mai raba riba da hasara ya fi kowa bukatar sanin gaskiyar lissafi.

Ga samarinmu da 'yan matanmu masu karatu muna da magana guda. Kada takarda ta sa ku ƙyamar ƙurar kara da warin albasa, domin daga nan aka biya muku kuɗin makaranta. Digirin da bai san farashin sa a kara ba ado ne kawai. Ku durƙusa gaban dattawa ku koyi sanin mutane da riƙon amana, su kuma su sakar muku littafi. Iyaye kuwa su sani, ɗan da ya tambayi ina kuɗi suka shiga ba rashin kunya ya yi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saboda haka muna kira ga Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da shugabannin ƙungiyoyin masu shanu, da na kayan gwari, da na 'yan canji, su buɗe asusun taimakon karatu daga kuɗin da suke tarawa a kasuwa, kowace ƙungiya ta ɗauki nauyin ko da yaro biyu ne a shekara, bisa sharaɗin su komo su yi wa kasuwar aiki na wani lokaci. Muna kira ga attajirai su yi wa sana'o'insu rajista, tun da dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ko mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani. Muna kuma kira ga gwamnoni da 'yan majalisa na jam'iyyarmu su tuna cewa ɗan da aka haifa a Sabo ko a Agege ɗan jiharsu ne, kada hukumomin ba da taimakon karatu su juya masa baya don kawai ba a gida ya girma ba.

Iyayenmu sun bar gida sun zo Kurmi da sanda da buzu, suka kafa abin da muke ci yau da gumin goshinsu. Hakkin da ke wuyanmu shi ne mu miƙa shi ga na baya a tsare, a rubuce, yadda mutuwar mutum ɗaya ko dokar dare ɗaya ba za ta rushe shi ba. Allah Ya sa albarka a nema, Ya kuma ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu, amin.