Wa Ya Ce Tsara Aiki Na Akawu Ne?

Raina ya ɓaci da maganar da manyan malamai suka sake tayarwa kwanan nan, wai koya wa matashin mai binciken sankara tsara aiki da kasafin kuɗi ɓata lokaci ne, aikin akawu ne, shi dai ya rubuta maƙala ya samu ƙarin girma. Wannan ra'ayi ne ke kashe aikin rigakafi tun bai shiga Ƙofar Doka ta birnin Zariya ba.

Najeriya ta fara allurar HPV, ta rigakafin sankarar bakin mahaifa, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, ta iso Kaduna a 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya na son kafin 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata allurar, a duba kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na masu cutar magani. Wace maƙala ce za ta kawo wannan? Duba bakin mahaifa da ruwan khal ba ya buƙatar farfesa. Abin da yake buƙata shi ne wanda ya san yaushe izinin kwamitin ɗa'a zai fito, nawa ne man janareta, wace ma'aikaciya ce za ta shiga gidan kulle a Kwarbai, kuma wa zai raka matar da aka ga alama a jikinta daga Ƙofar Gayan har asibitin Shika. Nan ne ake zubar da mata. A duba baiwar Allah, a rubuta lambarta, a tafi, ita kuma ta kwana da fargaba ba wanda ya sake waiwayarta. Zalunci ne.

Kuma a daina kawo mana takardar tambayoyi da Turanci ana fassarawa a tsaye a zaure! Wata shida ana shirin bincike, ba wanda ya ware kwana uku ya zauna da ungozoma a gyara kalmomi. Sai a tsara fita ranar Juma'a, ko tsakiyar azumi, a dawo ana cewa mutanen birni ba su da haɗin kai.

Za su ce matsalar kuɗi ce. Ban karɓa ba. Ko hukumar TETFund ta ninka tallafin bincike, wanda bai iya lissafin wata uku ba zai ƙarar da shi kafin damina.

Ciwon ma tsoho ne. Tun kafa jami'a a Samaru a 1962, akwai masu kallon cikin ganuwa a matsayin wurin ɗibar jini da alƙaluma kawai. Gwajin maganin Trovan na 1996 a Kano da ƙaurace wa allurar shan inna a 2003 sun ishi kowa darasi, amma har gobe yaro zai gama digiri na uku ba wanda ya gaya masa cewa gaisuwar mai unguwa da liman tana cikin jadawalin aiki, da ranarta da kuɗin motarta. Masu kula da ɗaliban nan su suka ƙi koya musu, domin su ma ba su taɓa sauka daga mota a Limancin Kona ba.