Wufa a but, taya a suɗe: magana ga direbobin layin Gwaram

Duk safiyar Litinin ina hawa motar haya daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, daga nan in kama ta Dutse wajen aiki. Shekaru na yi ina wannan zirga-zirga, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Makon jiya na shiga wata Sharon, kujerar can baya na samu. Ashe direban ya sa an ɗaura masa ƙatuwar wufa a but, daidai bayanmu. Muna barin tasha ya murɗa. Wallahi har cikin ƙirjina nake jin dukan kiɗan. Kusa da ni wata dattijuwa ce da jikarta marar lafiya, asibitin tarayya na Birnin Kudu za su. Sau biyu tana cewa, "Yaro, don Allah rage mana." Bai ma ji ta ba, sai da na miƙa hannu aka taɓa shi. Ya rage, ya ce, "Yi haƙuri Baba, ni a nan gaba ba na jin ƙarfinsa."

Kuma gaskiya ya faɗa. Nan matsalar take: shi yana gaba, akwatin yana baya. Kafin sauti ya ishe shi, na baya ya jigata.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce canza lasifika laifi ba ne. Sharon da Sienna da Galaxy ɗin nan sun ci shekaru a ƙasashen waje kafin su iso mana, lasifikun da kamfani ya sa sun sha zafi da ƙura, takardarsu ta yage, sai kirr kirr suke. Mutumin da yake wuni a kan sitiyari yana da haƙƙin jin labarai ko karatu ko waƙa da kyau, hakan ma yana kore gyangyaɗi. Canza na ƙofofin gaba guda biyu da masu kyau ya wadatar, sannan a karkata sautin gaba, yawancin rediyoyin mota suna da wannan saitin. Ya ma fi araha.

Abin da nake ƙi shi ne a je wajen rewaya a jawo waya kai tsaye daga batir zuwa amfilifaya a but, babu fiyus kusa da batir ɗin, wayar tana bi ta ƙarƙashin kafet inda ƙafafu da buhuna ke gugarta. Ranar da ta saɓule ta taɓa ƙarfen mota, wuta ce. Kuma duk mun san sau da yawa a but ɗin nan ake ajiye jarkar fetur.

Ga kunne kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sauti mai ƙarfin desibel 80 awa 40 a mako ne iyakarsa ga babba, yana ƙaruwa lokacin yana raguwa da sauri. Fasinja awa ɗaya zai yi ya sauka. Direba kullum yana ciki, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Ballantana hon ɗin tirela a titin Kano zuwa Maiduguri, ko ƙarar birki da ya fara cin ƙarfe, ta yaya zai ji su?

Da muka sauka na duba tayar baya ta motar nan (halin ma'aikaci ne, sai ka duba fayil ko ba a ba ka ba). A suɗe take. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 direbobi ke kukan balas ya yi wuya, mu ma muna biyan kuɗin mota ninki. To ɗan abin da ya rage, wa ya fi cancanta da shi, wufa ko taya? A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Direba nawa ne ya taɓa dubawa?

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar direbobi na tashoshin Gwaram da Sara da Birnin Kudu: motar da za ta yi lodi, ɗan kamasho ya leƙa but. In akwai wufa, a ga fiyus. In akwai marar lafiya ko tsoho a mota, a kashe ta. Ba sai an jira jami'an kiyaye haɗurra ba.

Ni dai Litinin mai zuwa zan yi sammako in kama kujerar gaba.