Kwalba Ɗaya, Cuta Goma: Ina Matsayin Ikilisiya?

Babu wanda bai san motar masu tallar magani a ranar kasuwa ba. Ga lasifika a kan rufi, ga kwalba ɗaya wai tana warkar da basir, taifot, gyambon ciki, hawan jini, ciwon suga, har da rashin haihuwa. Idan hukumar NAFDAC ta kama irin waɗannan mutane, sai ka ji ana cewa an hana talaka neman abinci. Mu dai muna ganin hukuma ta yi daidai, ya kuma kamata ikilisiya ta mara mata baya.

Mu tuna abin da ya faru. A 1990 gurɓataccen maganin zazzaɓi na ruwa ya kashe yara 109 a Jos da Ibadan. A 1993 aka kafa NAFDAC. A 2008 kuma maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya hallaka yara aƙalla 84. Waɗannan guba aka samu a cikinsu, amma ƙarya ma tana kisa. Mai ciwon suga da ya ajiye maganin likita ya koma shan na tasha, yakan isa asibiti bayan ƙafa ta ruɓe. A 2023 hukumar ta rufe wata masana'anta a jihar Kaduna, wadda aka yi wa maganinta rajista domin basir kaɗai, sai ga shi ana tallarsa a kan cututtuka barkatai.

Ba mu raina maganin gargajiya ba, mun kuma san tsadar asibiti. Sai dai a lura, lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkarwa. Shi ya sa ake tilasta a rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance da'awar mai maganin ba. Mu nawa ne muke karantawa?

Abin kunya shi ne cinikin ya shigo gidan Ubangiji. A 2024 NAFDAC ta gargaɗi jama'a a kan ruwa da sabulun “al'ajibi” marasa rajista da wata majami'a a jihar Delta take sayarwa. A nan arewa ma, sau nawa ake ba mai talla dama bayan sujada ko a taron zumuntar mata, don kawai ɗan'uwa ne? Doka ta tara ta hana shaidar zur (Fitowa 20:16), wanda kuwa ya ce kwalbarsa tana warkar da abin da ba ta warkarwa, shaidar zur ya yi a kan ran maƙwabcinsa. Mun gaskata Allah yana warkarwa, amma Yesu bai taɓa karɓar kwabo a hannun marar lafiya ba, Luka mai bishara kuwa likita ne.

Saboda haka muna roƙon fastoci da dattawa su hana tallar magani a harabar majami'a. A gayyaci ma'aikatan jinya da muke da su su koya wa jama'a duba lamba da ranar lalacewa. A ware wani abu daga baiko domin kai marasa ƙarfi asibiti, gama rashin kuɗi ne ke tura su hannun maƙaryata. Gwamnati kuma kada ta tsaya a kan yaron da ke yawo da tire, ta bi masu masana'anta da gidajen rediyon da ke karɓar kuɗin tallar.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya kiyaye iyalanmu. Amin.